Yadda Ake Hana Kirci Rabuwa da Zomo

Takardun kiwo da malaman gona ke rabawa duk abu guda suke koyarwa, wato yadda za a raba zomo da kirci. Wannan ba ilimi ba ne. Duk macen da ke da ƙaramin cokali da ragowar man gyaɗa za ta yi shi cikin mako uku ba tare da ta fasa tuƙa tuwonta ba. Abin da ke bukatar gwani shi ne riƙe cutar: ka yi ta magani tana tafiya tana dawowa har shekara ta zagayo, unguwa kuma tana kiranka masani. Shi zan koya maka. Na ɗaukar maka alkawari, in ka bi matakan nan yadda na jera su, kirci ba zai taɓa yin kwana arba'in a wajen gidanka ba.

Ba ƙago su na yi ba. An gwada su a nan Funtuwa, daga daminar 1981 zuwa ta 1982, a gidan Malam Maiwada, tsohon ma'aunin auduga wanda ya yi shekara talatin yana cusa hannu a buhunan manoma yana yanke musu lamba, har ya yarda babu abin da idonsa ba ya ganewa. Taubashina ne, don haka in ya ji haushi sai ya sha ruwa.

Ga wanda bai taɓa gani ba, kirci wasu 'yan ƙwari ne da ido ba ya kama su, suna shiga kunnen zomo su yi gida. Zomo ya yi ta girgiza kai yana susa da ƙafar baya, kunne ya yi ɓawo, in an bari abin ya gangaro wuya gashi ya zube. Daga jikin zomo suke hawa jikin zomo. Karanta wannan da kyau, don ka san abin da za ka yi ta mantawa.

Mataki na ɗaya: Karɓi amana a gaban shaidu

Kada ka fara da zomonka. Naka in ya dame ka yanka shi za ka yi, darasi ya ƙare a tukunya. Nemi na wanda kake jin nauyin idonsa.

Maiwada ya dace. Maƙwabcinsa Benedict mai sayar da kayan keke yana da 'ya, Nkiru, wadda aka haifa a bayan shagon, ta yi rarrafe a tsakar gidan Maiwada, ta girma da tuwon matarsa Ladidi. Allah bai ba su haihuwa ba, sai yarinyar ta zauna a gurbin, ba wanda ya ce ta zauna, ba wanda ya ce ta tashi. Baba take ce masa, Ladidi kuma Inna, su kuwa Inkiru suke ce mata har yau. Da ta gama jami'a aka tura ta bautar ƙasa can kudu, sai ga ta wata la'asar rungume da farin zomo mai girman ɗan akuya, ta tarar da Maiwada a dakali da mutanensa.

"Baba, Manaja na kawo maka ajiya. Shekara guda."

"Gidanku fa?"

"Tun jiya babana ke kallonsa yana tambayar Mama ko akwai sauran barkono."

Maiwada ya karɓi zomon, ya ɗaga shi a tafin hannu, ya lumshe ido ɗaya. "Lamba ɗaya," ya ce. Sannan ya dubi jama'a, domin maganar da ba a yi ta a gaban mutane ba shi a wurinsa ba a yi ta ba. "Je ki dawo, Inkiru. In kin tarar da shi da tabo ko na ƙwayar gero, ki daina ce mini Baba."

"Na ji," ta ce, "su ma sun ji."

Daga nan ta lissafa masa sharuɗɗa uku. Lura da abin da Maiwada ya yi, ka yi koyi: bai ji ko ɗaya ba, yana can yana gaya wa mutane nauyin zomon. Na uku shi ne kada a haɗa Manaja da zomon kowa. Ladidi ta ji daga bayan ƙofar zaure, amma ita ba a tambaye ta ba.

Mataki na biyu: Fito da shi shan iska

Abu mai kyau da aka ɓoye a cikin gida asara ne, tunda ba wanda zai san naka ne. Kowace la'asar ɗauko zomon ka ajiye shi a kan cinya, ka riƙa shafa kunnensa kana hira kamar ka manta da shi.

Zomayen unguwarmu ƙanana ne, launin ƙasa, suna zaune a ɗakuna masu duhu da suka haƙe da ramuka. Kusa da su Manaja sai ka ce buhun auduga aka yi wa kunne. Kwana huɗu kawai Ɗanasabe mai gyaran rediyo ya iya haƙuri.

"Malam, wannan ai iri ne. Za ka bar shi ya tsufa a cinyarka, unguwa ba ta samu albarkarsa ba?"

Nan ne ginshiƙin dabarar duka. A wajenmu mutum yana iya hana ka aron tsani ya ce ƙafarsa ta karye, yana iya hana ka keke ya ce taya ta yi faci. Namijin dabba kuwa ba a hana aronsa. Rago, bunsuru, zakara, duk na jama'a ne in lokacinsu ya yi. Na tambayi dattawa da dama wa ya kafa wannan doka, kowa ya ce haka ya taso ya gani. Ni ma na taso na ga kyankyaso a bayan randa, ban ɗauke shi gado ba.

Maiwada ya ce abin da kowane mutumin kirki zai ce. "Ba komai, Ɗanasabe. Kwana uku dai."

Haddace kalmomin nan biyu, ba komai. Su ne rabin aikin.

Mataki na uku: Nemi dalili a nesa

Mako biyu da dawowar Manaja ya fara girgiza kai kamar ana ba shi shawarar da bai yarda da ita ba. Kada ka ruɗe, kuma kada ka yi tambayar da ke kusa. Tara majalisa.

A dakalin Maiwada an samu dalili huɗu kafin magariba. Wani ya ce ganyen dankali ne mai raɓa. Wani ya ce iskar damina ce, farin zomo ba ya jure ta. Wani ya ce an ba shi dusa mai gishiri. Ɗanasabe, wanda ya fi kowa damuwa, ya rage murya ya ce baki ne, domin zomon ya sha yabo da yawa ba a ce tubarkalla ba. Maiwada ya fi gamsuwa da wannan, saboda cuta ce da ke kama abu mai daraja kaɗai.

Abin da za ka guje wa shi ne leƙa ɗakin zomayen wanda ya ara. Ni na leƙa, ranar da na kai rediyona gyara. Kunnuwansu kamar ƙanzon tukunyar biki. Na faɗa wa Maiwada, ya ce ni matsalata tun muna yara ke nan, karatu ya hana ni ganin abin da ba a gani.

Mataki na huɗu: Ɗauki maganin kowa, ban da na wanda ya sani

Magani mai kyau shi ne wanda ke da wari, ko launi, ko wuyar samu. Maiwada ya fara da baƙin mai daga garejin bakin tasha, Manaja ya koma rabi fari rabi baƙi, ya bar tambari a kan duk tabarmar da ya taka. Ya koma kananzir, zomon ya yi kwana biyu yana atishawa. Ya yi turaren ganyen darbejiya har Ladidi ta fito da kayan shanyarta waje. Ya ɗaura laya a ƙofar keji.

Ranar da ya shigo da ragowar maganin feshin auduga a kwalba ne Ladidi ta ajiye muciya ta tsaya tsakaninsa da kejin.

"Malam, wannan na mene ne?"

"Ƙwari yake kashewa. Ni na san aikinsa, ba yau na fara ganinsa ba."

"Ni ma na gani. Na ga ranar da ya kashe ƙwarin gonar Yaya Mudi, ya haɗa da zabi tara. Ajiye shi a waje, ko in je in kira uban yarinyar ya zo ya kalla."

Ya ajiye. Washegari, don ya nuna shi mutum ne mai bincike, ya sa zomon a kwando ya kai wa malamin dabbobi. Malamin ya leƙa kunne sau ɗaya ya ce a ɗiga man gyaɗa kaɗan a ciki duk bayan kwana biyu har mako uku, kada a ɓamɓare ɓawon, a ƙone shimfiɗar keji, a wanke kejin da ruwan zafi, kuma a raba shi da sauran zomaye. Maiwada ya dawo ransa a ɓace.

"Man gyaɗa," ya ce wa Ladidi. "Gwamnati ta tura mutum makaranta shekara da shekaru, ya dawo yana rubuta wa mutane kayan miya."

Ladidi ta ci gaba da tuƙa tuwonta. Da safe in ya fita sai ta ɗauki cokali, ta riƙe zomon tsakanin gwiwoyinta ta ɗiga masa. Ta ƙone ciyawar, ta wanke keji. Shi kuma da yamma ya yi turarensa ya gyara zaman laya. Mako uku kunne ya washe, ja-ja kamar cikin gwaiba.

Ka ga yadda aka raba aiki. Bari wani ya yi maganin, kai ka yi bayani.

Mataki na biyar: Yi shelar waraka

Wannan matakin shi ne ƙofar da cutar ke dawowa ta cikinta, kada ka bar ta a rufe. Fito da zomon dakali, ka buɗe kunnensa kowa ya leƙa. Ka ce sirrin a turaren yake, amma ba kowane ganye ba, sai wanda aka tsinka kafin rana ta fito.

Labari ya kai har Dandume. Wata ranar kasuwa sai ga Mudi, yayan Ladidi, daga can a kan babur, da kwandon da ba komai a ciki ɗaure a baya. In ka ga suruki ya zo da kwando cike, gaisuwa ce. In ka gan shi da wofi, ka san abin da ya kawo shi.

Aka gaisa, aka tambayi gona, aka tambayi farashin taki, aka ci fura. Sai Mudi ya ce, yana kallon rufin zaure, "An ce kun yi baƙo fari."

"Ajiyar yarinyar nan ce, Yaya."

"Ai na ji. An ce har Ɗanasabe ya samu 'ya'ya bakwai." Ya sauke ido ya dubi Maiwada. "Ɗanasabe mai rediyo."

Ba sai an ƙara ba. Mutumin da ya ba maƙwabci ya hana wanda ya ba shi mata, wane ido zai kai Dandume ranar suna? Maiwada ya ji Ladidi ta yi tari a tsakar gida, tari irin wanda ba na mura ba, ya yi kamar bai ji ba.

"Ba komai, Yaya."

Mudi bai yi rowa ba. Bayan kwana goma ya dawo da zomon, da ƙwaryar wake, da rake guda biyu, da kirci.

Mataki na shida: Maimaita, kuma ka riƙa aika wasiƙa

Daga nan hanya ta miƙe. Ladidi ta warkar, kai ka yi shela, wani ya zo da kwando. Bayan Mudi sai ladan, bayan ladan sai wani direban Danja da Maiwada bai ma san sunansa sosai ba, amma ya yi sallama da ladabi. Kowane zagaye ka samo sabon dalili. Da sanyi ka ce sanyi ne, da bazara ka ce zafi ne. Mutane suka fara kawo wa Maiwada zomayensu ya duba, suna ce masa Likita, yana amsawa.

Wasiƙar Nkiru na zuwa duk wata, kuma kowace tana ƙarewa da tambaya guda: yaya Manaja? Maiwada yakan zauna da alƙalami ya rubuta da kyakkyawan rubutunsa na ma'aikaci cewa Manaja yana nan lafiya, yana cin harawa, yana gaishe ta. Dabarar ita ce ka jira makon da zomon ya warke kafin ka ba da amsa. Ta haka ba ka taɓa yin ƙarya ba, jinkiri kawai ka yi.

A farkon damina ta biyu wasiƙa ta zo da wani zance. Saura mako bakwai ta dawo.

Wasiƙar ta same su a tsakiyar zagaye na biyar, wanda ya fi duk na baya muni. Kunnen hagu ya sunkuya ya ƙi tashi, ɓawo ya gangaro wuya, gashi ya zube wajen faɗin tafin hannu. Manaja ya juya wa dusa baya. Ranar Maiwada bai fita dakali ba. Ya jawo kujera gaban keji ya zauna da wasiƙar a hannu. Ya tuna yarinyar tana shekara huɗu, ranar da ta ɓace aka yi ta nema har bakin kasuwa, ashe ta bi shi wurin awo ta yi barci a bayan buhuna, ya ɗauko ta a kafaɗa auduga duk a gashinta. Ba wanda ya taɓa ce masa Baba sai ita. Shi kuma da bakinsa, a gaban mutum shida, ya faɗi abin da zai sa ta daina.

Ya san ba za ta daina ba. Za ta ci gaba da faɗa don ladabi, kuma wannan ne ya fi ba shi tsoro.

Mataki na bakwai: Kada ka saurari matarka

A nan Maiwada ya kauce wa tsari. Na kawo labarin ne don ka ga ramin ka kewaye shi.

Ladidi ta zo ta tsaya a kansa da cokalin a hannu, karon farko ba ta jira ya fita ba.

"Malam, ciwon nan ba iska ke kawo shi ba. A kwando yake fita, a kwando yake dawowa."

Ya ninke wasiƙar. "Na sani," ya ce a hankali. "Tun na Dandume na sani. To in ce musu me? In ce wa ladan zomonsa ƙazami ne? A ce Maiwada ya tsufa ya fara hana aron namiji?"

"Ba za ka hana kowa ba. Ba wanda zai tambaya."

"Da zarar ya warke za su zo."

"Wa zai gaya musu ya warke?"

Ga abin da ta shirya. Za ta yi masa magani kamar kullum. In kunne ya washe, kowace safiya za ta kwaɓa man kaɗanya da toka ta shafa a bayan kunnen da wuya, ya bushe ya yi ɓawo-ɓawo. Duk wanda ya leƙo zai ga zomon da ba a so ko kyauta. Aikin Maiwada guda ne tak.

"In an tambaye ka, ka ce ya fi ƙarfinka."

"In ce me?"

"Ya fi ƙarfinka. Kalma uku ce, Malam. Ka rubuta wa gwamnati takardun da suka fi haka tsawo."

Na san maza da yawa da za su gwammace zomon ya mutu. Maiwada ya kwana biyu yana auna abin, sannan ya fita dakali.

"Likita, ina labarin majinyaci?" in ji Ɗanasabe.

Maiwada ya gyara hula, ya duba ƙasa, ya duba sama. "Ya fi ƙarfina."

"Turaren fa? Na kafin fitowar rana?"

"Bai yi ba."

"Ashe." Ɗanasabe ya girgiza kai da tausayi mai daɗi. "Ni dama na ce a raina, awon auduga daban, likitanci daban. Ban dai faɗa ba ne."

Mako shida ya sha wannan. Sunan Likita bai faɗi ba, sai dai yanzu da dariya ake faɗarsa. Mutanen da ya koya wa turare suka dawo suna koya masa. Wani ya kawo masa kashin jemage a takarda, ya karɓa ya yi godiya. A mako na huɗu ya leƙa cikin kunnen Manaja ya gan shi tas, gashin wuya ya fara tsirowa a ƙarƙashin tokar, sai ƙafarsa ta ɗauke shi da zomon a hannu har tsakiyar zaure. Can ya tarar da Ladidi ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa tana tsintar shinkafa, ta miƙe ƙafafunta daga bango zuwa bango.

"Iska zai sha," ya ce.

"Akwai iska a cikin gida."

Ya koma.

Mataki na takwas: In mai kaya ta zo, ka riga ta magana

Wannan ma Maiwada bai yi ba, ga kuma sakamakon.

Nkiru ta sauka kwana biyu kafin ranar da ta rubuta. Ta ajiye akwati a shagon babanta ta shigo da kakinta na bautar ƙasa a jiki, rabin unguwa a bayanta ana yi mata barka da zuwa, har da Ɗanasabe da abin kwance rediyo a aljihu. Ta durƙusa ta gaida Maiwada, ta rungume Ladidi, ta wuce keji kai tsaye.

Tokar safiyar ranar tana nan, ta bushe ta tsattsage. Nkiru ta tsaya. Ta juyo ta dube shi. Maiwada, wanda bai taɓa rasa bayani ba tun da aka yaye shi, ya buɗe baki ya ji harshensa ya yi nauyi. In ya ce toka ce, ya tona kansa a gaban waɗanda ya yi wa mako shida yana cewa ya kasa. In ya yi shiru, ga idon yarinyar.

Ladidi ta kawo ruwan ɗumi a ƙwarya da tsumma ta miƙa mata. "Wanke da hannunki, Inkiru."

Ta wanke. Ruwa ya yi baƙi, kunne ya fito fari a waje, ja-ja a ciki, ya miƙe tsaye. Ta wanke ɗayan. Sai wata mata ta ce ikon Allah.

Ɗanasabe ne ya fara dawowa hayyacinsa. Mutum ne da ba ya riƙe abu a rai in akwai amfani a gaba. "Ashe ya warke. Madalla, Malam, madalla. To dama zomanyata baƙar nan, tun watan jiya nake cewa in Allah ya ba shi lafiya..."

Ina tsaye a wurin, na ga leɓɓan Maiwada sun haɗu za su fitar da kalmar farko ta ba komai. Wata goma sha ɗaya na wahala bai koya wa bakinsa wata hanya ba.

"A'a, Kawu Ɗanasabe," in ji Nkiru, tana goge kunnen da gefen tsumma. "Ba na ba da aronsa. Naka suna da kirci. Kawo su gobe Inna ta nuna maka yadda ake yi."

Haka kawai ta faɗa, da murya irin ta mai cewa shayi ya ƙare. Maiwada ya rufe ido yana jiran abin da ke faruwa in an hana aron namiji, abin da ya yi shekara sittin da biyar yana tsoro bai taɓa gani ba. Kaza ta wuce. Wani yaro a waje ya ci gaba da tallan gyaɗa. Ɗanasabe ya sosa ƙeya ya ce, "Da ƙarfe nawa?"

Da mutane suka watse Nkiru ta zauna a kan turmi da zomon a cinya tana bin wuyansa da yatsa, har ta kai inda sabon gashi bai kamo tsohon ba.

"Sau nawa?"

Maiwada ya dubi Ladidi, Ladidi ta dubi tukunya. "Biyar," ya ce.

"Wasiƙun fa?"

"Duk ranar da na rubuta, lafiyarsa ƙalau."

Ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara. Ta yi dariya har zomon ya tsorata ya yi tsalle ƙasa. "Kai, Baba," ta ce, tana share ido. "Inna, akwai sauran tuwo? Wata goma sha ɗaya rogo nake ci."

Gargaɗi

Matakai shida na farko ingantattu ne, na tsaya musu. In ka bi su zomon amana ya mutu a hannunka, kada ka zo ƙofata, ni bayani na yi, ban riƙe maka kwando ba. In matarka ta karanta wannan takarda kafin kai, ruwanka, ni ban aika mata ba. In kuma ka ga abin da Nkiru ta yi ya ba ka sha'awa, ka je ka ce wa surukinka a'a a tsakar gida, to ka sani ita ta yi hakan ne tana da shekara ashirin da uku da takardar jami'a, kuma ba ta auri ƙanwar kowa a Dandume ba. Duk abin da ya biyo baya tsakaninka da danginka ne. Ni zomo ma ban taɓa kiwo ba.